Nesa Ta Zo Kusa, Kusa Ta Koma Nesa

Na san wasu daga cikin 'yan'uwa marubuta za su yi mamakin ganin zancen ƙwallon ƙafa a wannan shafi, inda aka saba ganin nazarin waƙa da sharhin littattafai. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni a sannu, domin abin da zan faɗa ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma a ƙarshe zai tarar maganar ta dawo kanmu, mu masu riƙe da alƙalami.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, ma'aikacin reluwe ne. A Sabon Garin Zariya aka haife mu, a wani gida da ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasa. Shi ba mutum ne mai yawan magana ba, ban kuma taɓa ganinsa a silima ko wurin kiɗa ba. Abu biyu na san yana so bayan ibadarsa: shayi mai kauri, da kallon 'yan ƙwallon Nijeriya idan sun fita wasa da wata ƙasa. Yana da akwatin talabijin mai hoto baƙi da fari, irin mai ƙofofin katakon nan da ake rufewa da makulli, kuma makullin a aljihunsa yake kwana. Eriyarmu tana ɗaure a kan doguwar gora a bayan ɗaki. Ranar wasa ni ake turawa in juya gorar, shi kuma yana ciki yana ba da umarni: "Bai yi ba. Koma hagu kaɗan. Ka wuce! Dawo. Tsaya nan, kada ka motsa." Idan aka ɗauke wuta, akwai batirin mota da yake ajiyewa a ƙarƙashin gado saboda irin wannan rana.

A tsakar gidan nan muka kalli wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1994 a Tunisiya, inda Emmanuel Amuneke ya ci Zambiya biyu, aka tashi 2 da 1. A nan kuma muka raba dare a watan Yunin shekarar, ranar da Nijeriya ta fara buga gasar kofin duniya a Amurka, ta lallasa Bulgeriya da ci 3 da nema, Rashidi Yekini ya shiga cikin raga ya riƙe ta yana ihu kamar zai yi kuka. Sai kuma 1996 a Atlanta, lokacin da Nwankwo Kanu ya fitar da Brazil da ci 4 da 3, aka kuma doke Ajantina 3 da 2 aka ɗauko zinare. Abin da ya fi faranta wa Baba rai a wannan tawaga shi ne yaran Kaduna da ke cikinta: Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro. Yakan nuna su da yatsa ya ce, "Waɗannan namu ne, ruwan kogin Kaduna suka sha."

Ya kamata mai karatu ya lura da yadda tsakar gidan take cika a irin waɗannan darare. Maƙwabtanmu na Sabon Gari, Bayarabe da Ibo da Banufe da mutumin Kudancin Kaduna, kowa da tabarmarsa ko bencinsa, mata suna leƙowa ta bakin ƙofa, yara a gaba. Babu wanda ya biya ko kwabo. Tashar NTA, wadda aka kafa a 1977, ita ke kawo wasan, kuma a tunaninmu na lokacin wasan ƙasa kamar ruwan sama yake, idan ya sauko kowa ya tara ƙwaryarsa. Ba mu san cewa hoton nan da muke gani haja ce da ake saye da sayarwa ba.

Mun san haka ne a watan Janairun 2013. A lokacin Baba ya daɗe da yin ritaya, ciwon ƙafa da hawan jini sun zaunar da shi, masallacin ƙofar gida ma sai an riƙe shi. Ni kuma ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Samaru, nakan biyo ta Kwangila in leƙo shi da yamma. Tun ana saura mako biyu a fara gasar kofin Afirka a Afirka ta Kudu ya sa aka gyara masa eriya, aka share talabijin mai launi da ƙanena ya sayo masa. Ya ce mini, "Malam," don haka yake kirana tun da na fara aiki, rabi girmamawa rabi zolaya, "shekara 19 ke nan rabonmu da kofin nan. Ina jin bana Keshi zai kawo shi."

Aka fara gasa, tashoshin gida ba su nuna ba. Abin da ya faru shi ne, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, ta sayar da haƙƙin nuna wasannin, kamfanin da ke riƙe da wannan haƙƙi ya nemi miliyoyin Yuro daga tashoshin Nijeriya, ita kuma ƙungiyar tashoshin watsa labarai ta ƙasa, BON, ta ce kuɗin ya fi ƙarfinta kuma ya wuce kima. Aka yi ta ciniki har ranar buɗe gasa ba a daidaita ba. Wanda ke da farantin satalayit da dikoda, kuma ya biya kuɗin wata, shi yana kallo. Wanda kuma gora da eriya yake da su, sai dai ya ji ihun maƙwabta ya yi ta cankar abin da ya faru.

Ranar Litinin 21 ga Janairu Nijeriya za ta kara da Burkina Faso. Na isa gida bayan Magariba na tarar Baba a kan kujerarsa, ya sa an kawo masa shayi, yana ta canza tasha. Wannan tana labarai, waccan tana wasan kwaikwayo, wata kuma ana hira da wani ɗan siyasa. Ya dube ni ya ce, "Ko eriyar ce?" Na yi masa bayani iya fahimtata. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaran namu ne, tutar tamu ce, kuɗin jirginsu daga aljihun gwamnatinmu ya fito. To wa ya sayar da su ba mu sani ba?" Har yau ban sami amsar da za ta gamsar da wannan tambaya ba.

Na ce masa ko in samo mota a kai shi gidan kallo, akwai wani a PZ na wani tsohon ɗalibina, zai ba shi kujera a gaba. Ya yi mini wani irin kallo da na gane na yi kuskure. Dattijon da ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, ba zai je ya zauna cikin samari ana busa sigari ana ashar ba, ko da ƙafarsa lafiya lau take. Ba shi kaɗai ba ne. Gidan kallo ya tsame tsofaffi, ya tsame mata, ya tsame ƙananan yaran da iyayensu ba za su bar su fita da dare ba. Duk waɗannan suna cikin tsakar gidanmu ta 1994.

Sai dabara ta faɗo mini. Na sayi kati na zuba a waya, na bar masa wayar ƙanwata, na hau acaɓa zuwa PZ. Na biya kuɗin shiga, na sami wuri kusa da ƙofa inda ƙarar janareta ba ta yi yawa ba, na kira shi na fara gaya masa abin da nake gani. Da farko abin ya ba ni kunya, don samari suna ta waiwayowa suna kallon malaminsu yana surutu shi kaɗai. Kuma ashe aikin da wuya. Idan na ce "an buga" sai ya ce, "Wa ya buga? Daga ina? Da wace ƙafa?" Dole na koyi faɗin abu a taƙaice kuma a fili: Mikel ya karɓa a tsakiya, ya ɗaga kai, ya miƙa dama. Da Emmanuel Emenike ya jefa ƙwallo a raga kafin hutun rabin lokaci, ban san sa'ad da na miƙe ina cewa, "Baba, ta shiga! Ta shiga!" ba. Na ji muryarsa can nesa yana cewa, "Alhamdu lillahi."

Bayan an dawo aka ba Efe Ambrose jan kati, muka koma mutum goma. Ana saura 'yan mintoci a tashi katina ya ƙare, waya ta katse. A cikin mintocin da alƙalin wasa ya ƙara, Alain Traoré ya farke wa Burkina Faso, aka tashi 1 da 1. Da na koma gida na tarar Baba ya yi barci, Inna ta ce ya kwanta yana murna an ci wasa. Na hana a tashe shi. Da asuba bayan mun idar da salla na gaya masa gaskiya, ya yi murmushi ya ce, "To ai ni na fi ku riba, na kwana da nasara."

A daren nan, ina tsaye bakin titi ina jiran acaɓa, na yi wani tunani game da wurin da nake tsaye. Sunan PZ haruffan farko ne na sunayen wasu Turawa biyu 'yan kasuwa, Paterson da Zochonis, waɗanda suka kafa kamfaninsu a Saliyo a 1884 kafin su buɗe kantuna a Nijeriya. Kusa da tashar jirgi kamfanonin Turawa suka jera kantunansu, ana sayen auduga da gyaɗa da fatu a hannun kakanninmu, jirgi ya kwashe zuwa bakin teku, daga baya audugar ta dawo mana a matsayin atamfa da akoko, mu saya da tsada. Sai na ga ashe cinikin bai canza ba, kayan ne suka canza. Yanzu yaranmu ake ɗauka daga filayen ƙura na Kaduna da Kano da Jos, su tafi Turai, hotonsu ya dawo mana ta tauraron ɗan'adam, mu biya kuɗin wata kafin mu gan su.

Kada mai karatu ya ɗauka ina nufin kallon ƙwallo kyauta ne ya kamata ya zama a kowane hali. Ni malami ne, na san aiki yana bukatar lada. Ɗaukar wasa kai-tsaye yana cin kuɗi: kyamarori, da motar da ke haɗa hotuna, da ma'aikata, da hayar tauraron ɗan'adam. Kuɗin talabijin ne kuma ya mayar da gasar Ingila abin da ta zama, tun daga 1992 da aka kafa gasar Firimiya aka sayar da haƙƙin nuna ta na shekara biyar a kan fam miliyan 304. Tashoshinmu na gida su ma suna da hujja a 2013, domin kuɗin da za su samu daga talla shi ne zai biya abin da suka saya, idan ciniki bai fitar da uwar kuɗi ba babu ɗan kasuwar da zai shiga. Kowane ɓangare yana da lissafinsa. Mai kallo ne kawai ba a sa shi cikin lissafin ba, alhali saboda idonsa ake cinikin gaba ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma abin bai fara daga 2013 ba, bai kuma tsaya nan ba. A 2007 kamfanin HiTV na Nijeriya ya sami haƙƙin nuna mafi yawan wasannin Firimiya, masu gidajen kallo suka sayi sabuwar dikoda suka ajiye kusa da tsohuwa. A 2010 haƙƙin ya koma hannun SuperSport, ba a daɗe ba HiTV ya durƙushe, dikodojinsa suka zama tarkace. A watan Nuwamban 2019 CAF ta soke yarjejeniyarta ta dala biliyan ɗaya da kamfanin Lagardère na Faransa, aka ɗauki lokaci wasannin Afirka da dama ba sa fitowa a inda aka saba ganinsu. A farkon Janairun 2024, ana gab da fara kofin Afirka a Kwaddebuwa, MultiChoice ya sanar cewa tashoshinsa ba za su nuna gasar ba, domin haƙƙin yana hannun New World TV na ƙasar Togo, sai ana saura 'yan kwanaki aka daidaita. A duk waɗannan lokuta mai kallo sai dai ya wayi gari ya ji sanarwa, kamar manomin da ake raba gonarsa yana barci.

Da na bincika sai na tarar su ma waɗanda suka ƙirƙiro wannan ciniki suna da nasu kukan, amma da bambanci. A Ingila, tun shekarun 1960, ba a nuna wasan ƙwallo kai-tsaye a talabijin ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma. Wato wasan da yaro zai biya 'yan kuɗi kaɗan ya kalla a Samaru ko PZ da yammacin Asabar, mutumin Liverpool ko Manchester da ke zaune kusa da filin ba zai gan shi a talabijin ɗin gidansa ba. Dalilinsu shi ne kada mutane su zauna gida kallon manyan ƙungiyoyi su bar filayen ƙananan ƙungiyoyin garuruwansu babu kowa. A Amurka ma, daga 1973 har zuwa 2014, hukumar ƙwallon zari-ka-ruga ta NFL tana hana nuna wasa a garin da ake buga shi idan ba a sayar da tikiti duka ba sa'a 72 kafin a fara, sai a 2015 aka dakatar da dokar bayan shekaru ana ƙorafi. Masoya wasa a can sun sha yin fushi da waɗannan dokoki, amma ko ba komai an yi su ne da niyyar cika filin gida. Bayan haka, dokar watsa labarai ta Birtaniya ta 1996 ta ware wasu wasanni, irin su kofin duniya da wasan ƙarshe na kofin FA da wasannin Olamfik, ta ce lalle a ba tashoshin da kowa ke kamawa kyauta damar nuna su. Sun gane cewa akwai wasan da ya wuce haja, ya zama dukiyar al'umma. Da akwai irin wannan shinge mai ƙarfi a wurinmu, da Baba bai kalli wasan ƙasarsa ta kunne ba.

Bari in koma kan labarina. Wasan Zambiya da na Habasha duk ta waya na kai masa su, na kuma koyi sayen kati biyu. Da wata ya ƙare aka yi albashi, ni da ƙannena muka haɗa kuɗi muka sayi farantin satalayit da dikoda na hannu, muka biya kuɗin wata ɗaya, muka aro janareta. Ranar 3 ga Fabrairu Baba ya ga wasan da aka fitar da Kwaddebuwa ta su Didier Drogba da Yaya Touré da ci 2 da 1. Ya ga an ci Mali 4 da 1, har da ƙwallon Ahmed Musa. Ranar Lahadi 10 ga Fabrairu kuma, a Johannesburg, muka sake haɗuwa da Burkina Faso a wasan ƙarshe. Na sa aka fito da talabijin tsakar gida, maƙwabta suka shigo da tabarmi kamar da. Ana gab da hutun rabin lokaci Sunday Mba ya ɗaga ƙwallo ta saman mai tsaron baya, ya tare ta kafin ta faɗi ƙasa ya zuba a raga. Da ita aka ɗauki kofi. Na ga Baba yana share ido da bakin rawaninsa, na kawar da kai don kada ya san na gani.

Bayan jama'a sun watse ya kira ni ya ce, "Malam, yaron nan Mba, wace ƙasa yake wasa?" Na ce, "A nan gida yake, Baba, a ƙungiyar Warri Wolves." Ya ce, "A gida? To me ya sa ban taɓa ganinsa ba?"

Wannan ita ce tambaya ta biyu da ya bar mini, kuma ta fi ta farko ciwo. Rashin ganin wasan ƙasa na 'yan makonni ne. Rashin ganin wasanninmu na gida kuwa ya zama jiki, har mun daina jin zafinsa. Kano Pillars ta ci gasar Nijeriya a 2008, ta kuma ci sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofi ta Afirka a 1988. Kaduna United ta ci kofin ƙalubale a 2010. Mutum nawa ne a Zariya suka ga waɗannan da idonsu? SuperSport ta yi shekaru tana nuna zaɓaɓɓun wasannin gasar gida, ta daina a 2017. Daga nan aka gwada nuna su ta manhajar waya, a 2023 kuma aka ƙulla yarjejeniya da StarTimes. Ƙoƙari ne, amma yau a nan gobe a can, mai kallo bai san inda zai nufa ba, alhali wasan Landan kowane yaro ya san ranarsa da sa'arsa da lambar tasharsa. Daga Zariya zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, amma a idon yaranmu filin Arsenal ya fi kusa.

Na gwada wannan a aji. Na ce kowa ya rubuta sunayen 'yan wasa 11 na ƙungiyar da yake so. Kafin in juya sun gama, har da na benci da sunan koci, wasu ma da kuɗin da aka sayo kowane ɗan wasa, kuma duk ƙungiyoyin Ingila da Sifen ne. Na ce to a rubuta biyar na kowace ƙungiya ta Nijeriya. Aji ya yi tsit. In ban da Ahmed Musa da Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, babu sunan da ya fito. Ban ga laifinsu ba, ido ba ya son abin da bai gani ba. Kuma asarar ba ta tsaya ga suna ba. Wasan da babu kyamara a kansa ba shi da shaida: alƙalin wasa yana iya yin abin da ya ga dama, 'yan kallo suna iya tsorata shi, baƙo ya san da wuya ya ci wasa a gidan wani. Masu talla ba za su zuba kuɗi a abin da ba a gani ba, in babu kuɗi ɗan wasa ba zai zauna ba, in gwanaye sun tafi wasan ya rage armashi, in ya rage armashi tasha ta ce ba mai kallo. Haka abin yake zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna cewa ba dole ne haka ta kasance ba. Gasar kokawar gargajiya ta cin takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tashar ƙasa ta Télé Sahel tana nuna ta kai-tsaye, kuma a kwanakin gasar daga Maraɗi har Damagaram hankalin kowa yana kanta. Shi ya sa yaron Dosso ya san Issaka Issaka kamar yadda ya san Messi.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, 'yan'uwa marubuta. Yawancinmu ba mu taɓa ganin Shago yana dambe ba, amma mun san shi, mun san Ɗandunawa, saboda Ɗan Anace ya tsaya a bakin fage ya gani, ya mayar da abin da ya gani magana. Ba shi da kyamara, ba shi da tauraron ɗan'adam, kuma babu kamfanin da ya isa ya katse shi. Ni kaina ban taɓa koyon darasin rubutu da ya kai na dararen nan uku a ƙofar gidan kallo ba, lokacin da tsoho marar lafiya yake ɗaya gefen waya, ba shi da ido sai bakina. A nan na gane cewa "wasa ya yi zafi" ba bayani ba ne. Mai sauraro yana son ya san wa ya riƙe ƙwallo, ina ya dosa, me ya hana shi. Mun cika littattafanmu da soyayya da kishi da labarin masu kuɗi, kuma ban ce a daina ba. Amma ina labarin golan unguwa da ke tsaron raga babu safar hannu? Ina labarin kocin da ke sayen ruwan leda da kuɗin aljihunsa? Ina labarin mai gidan kallo da ke tsaye tsakanin kuɗin fetur da kuɗin wata? Ba mu da ikon sa hannu a yarjejeniyar miliyoyi, amma filin da ke bayan gidanmu babu wanda ya saye haƙƙinsa tukuna.

Tun daga lokacin nakan ba ɗalibaina aikin gida sau ɗaya a zango: kowa ya je ya kalli wasa a unguwarsu, ƙwallo ko langa ko dambe, ya rubuto shafi biyu da Hausa, yadda wanda bai je ba zai gani. Sharaɗi ɗaya ne, a karanta wa wani tsoho ko tsohuwa a gida kafin a kawo mini, a kuma rubuta tambayoyin da suka yi. Wasu suna kawo shirme, wasu suna kwafar salon masu sharhin rediyo, amma kowace shekara nakan sami biyu ko uku da idan ina karantawa sai in ji ƙurar filin a hancina. Ina fata wata rana za a ga sunayensu a wannan mujalla.

Baba ya rasu da damina a shekarar nan ta 2013. Da muka zo rabon kayansa, farantin satalayit ɗin yana nan kan rufi, kuɗin watansa ya daɗe da ƙarewa, don bayan gasar ya ce kada a sake biya. A aljihun wata tsohuwar rigarsa kuma muka tarar da ɗan makullin talabijin mai ƙofar katako, wadda ta lalace tun ina makaranta. Shi na roƙa a bar mini, yana cikin akwatin da nake ajiye alƙalumana.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu rubuta abin da zai amfani na baya. Wassalam.